Ranar da Na Ƙi Fita daga Motar Yaya Lawali

Kun taso kuna jin ana kirana Buhu Biyu, kuma na san ku ƴaƴan Yaya Lawali kun taso kuna jin wata magana bayan wannan, wadda ba a faɗarta a gabana. Ana cewa ni na hana ubanku ranar da ya fi so a duniya, a gaban mutanen Maraɗi da na Jiratawa, don baƙin ciki kawai. Na daɗe ban damu da in gyara ba. Amma bara, da uwarku Yaya Sa'a ta kwanta ciwon da ya tafi da ita, ta sa aka kira ni, ta ce in na bar maganar nan ta bi ni kabari to ba ta yafe mini ba, kuma duk tuwon da na ci a gidanta sai na biya shi a lahira. Ko a kwance ba ta bar tsokanar ƙanen miji ba. To, ga shi na zauna zan rubuta muku, ku da nawa ƴaƴan, yadda abin ya faru.

Mu huɗu aka haifa, na tsakiya biyu suka rasu tun suna ƙanana, aka bar Lawali na fari da ni Rabe na ƙarshe. Ban yi wayo sosai ba iyayenmu suka bi su, don haka Yaya Lawali ne ubana, shi ne uwata. Siriri ne kamar karan gero, ba ya son ci, ni kuwa Allah ya yi ni da buɗaɗɗen ciki. In aka ajiye mana kwano sai ya ci loma kaɗan ya ture mini sauran, ya ce shi ya ƙoshi. Na girma kafin in gane ba kullum ne ya ƙoshi ba. Da ya buɗe garajinsa a Sabon Gari ya so ya koya mini gyaran mota, amma hannuna ba ya shiga inda ake son ya shiga, kuma duk abin da na ɗaure sai na tsinke shi. Da ya gaji da asarar kusoshi, ya kai ni wajen wani mai awon hatsi, a can na samu sana'ar da na tsufa a cikinta.

Tseren motocin Tsibiri ba wani ne ya zauna ya ƙirƙire shi ba. Masu garaji ne, in sun tayar da tsohuwar mota, sai su nemi fili su gwada ta. Bayan girbi, in an kwashe kara, gonakin bayan Tsibiri sukan zama fili fetal, sai su tafi can ran Lahadi da hantsi. Daga gwaji aka shiga cika baki, daga cika baki aka ja layi a ƙasa. Ana tashi daga bakin wata tsohuwar rijiya, a zagaya wani babban gawo, a tsallake busasshen kwari, a bi ta bayan suri a dawo. Masu kallo kan tsaya nesa, a kan tudu. Yaya yana da wata baƙar mota ƙirar Faransa da ya tsinto a matsayin gawa, ya yi shekaru yana haɗa ta da hannunsa, ya sa mata suna Delu. Yaya Sa'a takan ce da Delu mace ce da tuni ta yi yaji. Matsalar ita ce Delu ba ta barin kowa ya ci. Tun ana zuwa da ɗoki har mutane suka fara ja da baya, don ba wanda zai ƙone mansa ya je ya sha ƙurar Lawali, masu kallo ma sun san ƙarshen labari tun ba a tashi ba.

Wanda ya ceci tseren wani tsohon direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, Malam Ɗan Jimma, shi muka ɗauka alƙali don ba shi da mota kuma ba ya jin kunyar kowa. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin motar da kaya bai saukar mata da kai ba. Daga ranar, duk motar da ta ci za a ɗora mata buhun gero a tsere na gaba, mai babban inji kuma da buhunta za ta fara. In mutum ya sa sabuwar karbirato, sai a sa masa wani zoben ƙarfe da zai rage iskar da inji ke sha. Geron karo-karo ake yi, in an tashi a bar wa masu gonakin, shi ya sa mutanen Tsibiri ba su taɓa korar mu ba. Rigima kuwa ba ta ƙarewa. Kowa motarsa ba ta da lafiya ran awo. Za ka ga ƙato ya yi lamɓo a zagayen gwaji, yana tafiya kamar mai kai amarya, don kada a ƙara masa buhu, sai Ɗan Jimma ya kara kunne a jikin injin ya ce ƙarya yake, a ƙara masa biyu. Amma abin ya yi aiki, don an koma motoci na isowa layi kusan tare, har mai tsohuwar akwala ya taɓa ci, ya fito yana kuka.

Ni nake kawo geron a amalanke. Wata Lahadi buhuna suka gaza, ga Delu ta ci sau biyu a jere, ana ta gardamar abin da za a ɗora mata. Ɗan Jimma ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ga buhu biyu nan tsaye yana cin gyaɗa, me ake nema? Aka kwashe da dariya, aka tura ni kujerar gaba. Na shiga ina salati, amma Lahadi ta gaba ni na fara shiga. Tun daga nan na zama kayan Delu na dindindin, in ta ci a ƙara mata gero a baya, ni dai ina nan a gaba. Wannan shi ne asalin sunan, kuma ban taɓa jin haushinsa ba.

Saboda wannan kujera ce na riga kowa sanin abin da ke damun Yaya. A wata kaka, mun doshi gawon nan da ya zagaya sau ba adadi, sai na ga bai karya bolan ba, wato sitiyari. Itacen yana ta damanmu, yana matsowa, shi kuwa idonsa na gaba kamar babu komai a wurin. Na yi ihu, ya fizge motar, muka wuce har reshe ya goge mini taga. Ya ce rana ce ta shiga idonsa, alhali ranar tana bayanmu. Kwanaki kaɗan bayan haka na je garaji na same shi yana lalube a ƙasa yana neman sifana, alhali tana nan kusa da gwiwarsa ta dama. Ni da Yaya Sa'a muka taru a kansa har ya yarda muka je asibiti. Likita ya ce tansiyon ido ne, wato hawan jinin ido, yana cin gani daga gefe yana shigowa tsakiya, maganin ɗigawa zai rage masa sauri amma abin da ya tafi ya tafi. Idon dama ya kusa ƙarewa, na hagu ya fara. Da muka kai ƙofar gida Yaya ya juyo wajenmu.

“Maganar nan mu uku ne,” ya ce. “Ba mai kawo motarshi ga makaho. In garajin nan ya mutu, ɗiyana mi za su ci?”

Muka yi masa alkawari. Gyara bai gagare shi ba, don shi dama da kunne da yatsu yake aiki, ya kuma daina tuƙi a cikin gari da hujjar yawan ƴan kabu-kabu. Amma Tsibiri ya ce ba ya bari. Na yarda da sharaɗin zan riƙa faɗa masa hanya. Filin yana da faɗi, mutane suna nesa, hanyar kuma tana cikin kansa, abin da ya rasa kawai wanda zai duba masa dama. Sai na zama ina zaune ina magana ƙasa-ƙasa: gawo na zuwa, dakata, yanzu, ga motar wane tana shigo maka, ba ta wuri. Da farko yakan ce in rufe masa baki, daga baya in na yi jinkiri shi ke tambaya. Ɗan Jimma yana ganin ya ɗora wa Delu kaya, bai san ido ya ɗora mata ba. Ban ɓoye muku ba, wannan kakar ita ce mafi daɗi a rayuwata. Tun ina yaro Yaya ke ɗauke da ni, ban taɓa yi masa wani amfani ba sai a cikin motar nan.

A shekara ta gaba ne Alhaji Ƙarami ya dawo daga Turai. Ɗan wani babban attajiri ne, gidansu na fatauci har bakin teku, ya dawo da wata jar mota mai kujera biyu, gajeriya har sai ka durƙusa za ka ga direba. Ya zo Tsibiri da ladabinsa ya ce zai shiga. Ɗan Jimma ya saurari injin, ya ce wannan sai buhu huɗu da zobe. Aka zagaya motar ba a ga inda ko kwando zai shiga ba, wani ya ce a ɗaure mata a kan rufi, aka yi ta shewa. Yaron bai yi fushi a wurin ba. Ya gayyace mu gidansu, ya kunna mana talabijin mai kama tashoshin waje, muka ga tseren Turawa, irin wanda motoci ke wuni su kwana suna zagaye. Ya ce su ma haka suke yi, motar da ta fi gudu a ɗaure mata faifan ƙarfe a ƙasa, a rage mata iska, don ta kamfanin wane da ta kamfanin wane su zo daidai. Ɗan Jimma ya buga sanda a ƙasa ya ce ashe Turawa sun sace masa dabara. Alhaji Ƙarami ya ce to ya ji sauran, can ma abin bai hana rigima ba, kullum wani na kukan an danne shi, har wasu kan ɓalle su kafa nasu tseren da tasu doka. Sannan ya juya wajen Yaya.

“Baba Lawali, kai ka kwana bisa motarka har ta yi gudu, wani ya kwana bisa katifa. Ladarka ita ce a aza maka gero?”

Na ga maganar ta shiga Yaya, don murmushi kawai ya yi yana shafa gemu. Ba zan ce yaron ya yi ƙarya ba. Shi dai bai san abin da na sani ba ne.

Kafin kaka ta ƙare an kafa tseren Jiratawa. Dokarsa ɗaya ce, ba buhu, ba zobe, ba fasinja, kowa ya zo da abin da Allah ya hore masa. Samari suka fara zamewa can, don akwai rumfa da lasifika da ruwan sanyi. Mutanen Tsibiri suna kiran na Jiratawa ƴan gata, su kuma suna kiranmu ƴan dako. Abokai suka daina zama a benci ɗaya, an ma fasa wata tafiya ɗaurin aure tare saboda wannan. Ana cikin haka Alhaji Ƙarami ya zo garaji da kansa, ya durƙusa ya gaida Yaya, ya ce tserensu ba zai cika ba sai Delu ta zo, gari na son ya ga ita da jar motar ba kaya a kan kowa. Yaya ya amsa masa nan take, ina tsaye.

Da yaron ya tafi na ce masa ba zai yiwu ba. Ya ce hanyar Jiratawa miƙaƙƙiya ce, kwana biyu kawai gare ta, ko da ido a rufe zai bi ta. Na ce ai kusan hakan zai yi. Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, shi ma ya yi mamaki. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dafa Delu.

“Rabe, shekara nawa ban ji muryarta ba kaya. Ni na gina ta, ban san iyakarta ba. Ka san abin da likita ya ce. In ban ji bana ba, yaushe za ni ji?”

Tausayinsa ya kama ni. Washegari na hau kabu-kabu na tafi Jiratawa in ga hanyar da idona. Hanyar jan tsakuwa ce tsakanin gonakin rani, ga tattasai da albasa kore shar. In ka tashi, duk tsawonta babban kanal ɗin siminti yana ta damanka, cike da ruwa, tsakaninsa da taya bai wuce faɗin tabarma ba. A kwana ta biyu hanyar na lanƙwasawa dama ta bi ta kan wata ƴar gada ba shinge, a nan kuma aka ce masu kallo suka fi taruwa. Na tsaya a kan gadar na rufe idona na dama da tafin hannu, kanal ya ɓace, gefen gadar ya ɓace. Wani mai ban ruwa ya tambaye ni ko wani abu ya faɗa mini a ido.

Na je wajen Yaya Sa'a, na tarar ta riga ni kuka. Ta ce ta ɓoye makulli, ya haɗa waya biyu motar ta tashi. Ta ce ta yi masa magana da ƴaƴansa, ya ce ai don su ga ubansu sau ɗaya yake son yi. Na je wajen Alhaji Ƙarami na roƙe shi ya bar ni in zauna a motar kamar yadda muka saba. Ya yi dariya ya ce Baba Rabe, ai don a sauke ka muka kafa tseren. Ya tambaye ni dalili, kalmar tana bakina, na haɗiye ta. Da na faɗa masa, na san zai hana Yaya, kuma na san kafin magariba duk Sabon Gari ta ji. Na yi tunanin zuba wa injin wani abu, amma Yaya zai gano kafin ya sha fura, ya gyara kafin azahar. Ran Asabar na koma wajen Yaya Sa'a na ce mata dabara ta ƙare mini.

“Kai da ko shanu ba su iya jan ka,” ta ce tana share hawaye da bakin zane, “ka ce dabara ta ƙare maka?”

Wasa take yi ko da gaske take, ban tambaye ta ba har ta rasu.

Ran Lahadi da hantsi Jiratawa ta cika. Motoci sun yi layi biyu-biyu, Delu da jar motar a gaba, an wanke Delu har tana ɗaukar ido. Mutanenmu na Tsibiri ma sun zo, sun tsaya gefe guda suna cin magani, Ɗan Jimma a gabansu. Yaya ya sa farar riga, ya tafi rumfa gaida manya. Na zagaya ta dama, na buɗe ƙofa, na shiga na zauna, motar ta yi ƙasa kamar yadda ta saba. Da farko dariya aka yi, mai lasifika ma ya ce ga Buhu Biyu ya ɓata hanya, nan ba Tsibiri ba ce. Da aka ga ban motsa ba, samari biyu suka zo suka kama ni, ɗaya hannu ɗaya kafaɗa. Na saƙala ƙafafuna a ƙarƙashi, na riƙe kujera, suka ja har rigata ta yage. Alhaji Ƙarami ya hana su, ya sunkuyo ya roƙe ni da girman Allah in fito. Na ce masa ya yi haƙuri. Daga nan dariyar ta fara canza launi, na ji wani ya ce ƴan dako ne suka turo shi, wani ya ce a'a, baƙin ciki ne, ba ya son a ga wansa ya ci ba da shi ba.

Yaya ya zo a hankali, ya shiga, ya rufe ƙofa, ya ɗaga gilashi. Hayaniyar ta koma nesa. Ya ɗora hannu biyu a kan bolan, yana kallon gaba.

“Hita, Rabe.”

“Ba ni hita, Yaya.”

“Ni na goye ka. Yau gaban mutane za ka yi mini haka?”

“Zan hita,” na ce. “Kada ka juya kai. Hwaɗa mini wa ke tsaye dama ga motar nan, in hita in ba ka wuri.”

Ina ganin idonsa yana ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi. Can ya ce ba kowa. Na ce Ɗan Jimma ne, tun ɗazu yake tsaye, hannunsa a kan fitila, ga mutane bayansa sun kai bakin kanal. Yaya bai juya ya duba ba. Ina jin numfashinsa, hawaye na zubo mini ina barinsu. Sannan ya zare makulli ya ajiye mini a cinya, ya buɗe ƙofa ya fita. Bai yi wa kowa bayani ba, ya ratsa taron ya nufi bakin titi, ya tari kabu-kabu ya tafi gida. Aka tura Delu gefe da ni a ciki, aka yi tserensu, jar motar ta ci. Ni kuwa ban iya tuƙi ba, sai da aka watse Ɗan Jimma ya ja motar ya kai mu gari, yana zagina tun daga Jiratawa har Sabon Gari, don shi ma so yake Delu ta kunyata ƴan gata.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda kuka ji gutsattsarinsa. Na Jiratawa suka ce ɗan aiken Tsibiri ne ni, na Tsibiri suka ce na zubar musu da mutunci. A kasuwa in na juya baya sai in ji ana cewa ga wanda ya zauna wa ɗan'uwansa a kan arziki. Wasu da suka daɗe suna awo a wajena suka koma rumfar gaba. Delu ba ta sake zuwa Tsibiri ba, tseren ya yi ta raguwa har ya mutu, na Jiratawa ya ɗan daɗe kafin shi ma ya bi shi. Duk wannan bai dame ni kamar shirun Yaya ba. In na je gaishe shi zai amsa, lafiya lau, shi ke nan, ya ci gaba da abin da yake yi. Da Sallah na je da matata da ƴaƴana, aka kawo mana kwano ɗaya kamar kullum, ya ci nasa gefen, ya wanke hannu ya tashi, bai turo mini komai ba. Na zauna gaban tuwon nan na kasa ci, ni Rabe. Yaya Sa'a ce kawai ba ta canza ba, takan aiko mini da fura rumfa, wani lokaci da saƙon in ci in ƙara nauyi, ba a san ranar da za a sake buƙata ta ba.

Kuna iya tambaya me ya sa gaskiya ba ta fito da kanta ba. Allah bai ba shi tsawon ran da zai makance a idon mutane ba. Ya yi shekara biyu yana aiki a garajinsa da kunne da yatsu, ba wanda ya gane, sannan ciwon ciki na ƴan kwanaki ya ɗauke shi. Ya tafi da sunansa na gwanin da ƙanensa ya yi wa baƙin ciki, na ga sunan ya fi masa kyau da na makaho mai taurin kai, na bar masa shi. Ku kuma kuna ƙanana, garajin nan ne ya ciyar da ku har ranar da ya rasu. Amma ba mu rabu muna gaba ba, wannan nake so ku riƙe ko kun manta sauran.

Shirun ya ɗauke mu duk bazara har damina ta sauka. Wata ranar kasuwa bayan la'asar, an yi ruwa an ɗauke, ina kwashe tabarmin da na rufe hatsi da su, sai na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin rumfata. Da ƙafa ya zo, shi kaɗai, tun daga garaji. Wandonsa ya jiƙe da taɓo har gwiwa, ƙaurinsa na dama ya kuje yana jini, da alama wani abu ya ci karo da shi a hanya. Na yi sauri na jawo masa buhu ya zauna, na ɗebo ruwa na wanke masa ciwon, bai hana ni ba. Ya tambayi kasuwa, na ce da godiya. Ya ɗebi gero a tafin hannu ya murza, ya ce na bara ne, na ce na bara ne. Maƙwabta suna leƙe suna yi kamar ba su leƙe ba. Can ya kakkaɓe hannunsa ya miƙe.

“Rufe rumfar ka raka ni gida,” ya ce. “Ka bi ta damana, Rabe. Ba ni ganin komi ta nan.”

Tun ranar asibiti bai taɓa faɗar haka da bakinsa ba, ko ga matarsa. Na ja ƙyauren rumfa, na zagaya na tsaya inda ya ce. Ya ɗora hannu a kafaɗata kamar yadda wa ke yi wa ƙanensa, ba wanda zai ga wani abu a ciki. Muka ratsa kasuwar a hankali, ina faɗa masa ƙasa-ƙasa inda kwata take da inda amalanke ya tsaya, shi kuma yana amsa gaisuwar mutane da ƙarfi, har muka kai ƙofar gida bai ɗauke hannunsa ba.